Farin Layin da Ya Ratsa Falo

Allah ya tashi yi wa unguwarmu baiwa, sai ya dunƙule ta wuri guda, ya sa mata hula, ya rataya mata usur. Tun ranar da aka naɗa shi mataimakin jami'in kula da zirga-zirgar kekuna sunansa na yanka ya ɓace. Baban Doka kowa ke ce masa. Mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba. Shi ya faɗa da bakinsa, wa ya isa ya musa?

Shi ya fara gano cewa masu keke ne annobar titi. Ko babbar mota ce ta danne rumfar mai faci, sai ya ce laifin wani mai keke ne da ya wuce jiya. Don haka ya kafa doka: keke ba zai bi ko'ina ba sai kan farin layi. Wanda ya kauce, a ƙwace kekensa. Abin da ya tare layin kuma a kawar da shi, ko na uban waye.

Ranar shata layi ya kira mai fenti, ya ja masa kunne.

"Kai, ba tunani aka ɗauke ka yi ba. Tunani nawa ne. Inda na taka, ka shafa. Ka buɗe baki, a bakin aikinka."

Baban Doka na gaba yana yi wa iska jawabi, mai fenti na biye a duƙe. Can ya tuna za a ɗauki hoto a ƙarshen titi, ga shi ya baro tabarau a gida. Ya karya kwana, ya shige gidansa, ya ratsa tsakar gida, ya suri tabarau a falo, ya fice ta ƙofar baya. Bai waiwaya ba, manya ba sa waiwaye. Mai fenti kuwa bawan Allah ne mai biyayya, har kan darduma ya shafa.

Da matarsa ta dawo daga kasuwa ta saki salati.

"Baban yara, wa ya zana mana titi a falo?"

Ya dubi layin, ya gyara tsayuwa.

"Tsari ne. Sai mai zurfin karatu zai gane."

Washegari masu keke suka rungumi doka kamar ba su ba. Ga mai kai burodi, ga mai gyaran famfo da bututu a kafaɗa, ga wani tsoho da akuya ɗaure a baya. Kowa ya yi sallama, ya kaɗa ƙararrawa, ya sunkuya ƙarƙashin shanya, ya bi tsakanin kujera da talabijin. Wani ya kauce don kar ya taka kwanon abincin maigidan, maigidan ya busa usur ya ƙwace keken.

Labari ya kai hukumar tituna. Injiniya ya iso da katafila, unguwa ta cika maƙil.

"Ranka ya daɗe," in ji injiniya, "dokarka ta ce a kawar da abin da ya tare layi, gidan nan kuwa ya tare. Amma in kuskure aka yi, ka faɗa, yanzu a goge da kananzir kowa ya kama gabansa."

Matar ta riƙe wa mijinta riga tana hawaye.

"Don girman Allah ka ce ka yi kuskure. Da gumi muka gina gidan nan. Ina za mu kai yara?"

Mai fenti ya ɗaga hannu zai ɗauki laifin, ya tuna an hana shi magana, ya sauke.

Wallahi Baban Doka ya ba da tausayi a lokacin. Kalmar ta zo har bakin haƙori. Sai ya ga idon jama'a a kansa. Girman kai rawanin tsiya! Ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku shaida! Layi yana kan daidai. Gidan ne aka gina bisa kuskure."

Kafin la'asar katafila ta gyara kuskuren.

Yanzu iyalin na cushe a ɗaki guda gidan surukarsa, matarsa ko gaisuwarsa ba ta amsawa. Hanya kuwa ta buɗe fetal. Direbobi suka ga fili, suka afka da motocinsu. Hukuma ta ji tsoron haɗari, ta kafa allo daidai inda falon yake, ɗauke da hoton keke an ja masa jan layi. An hana keke bi ta nan. Da aka nemi wanda zai yi gadin allon, ba a sami wanda ya kai Baban Doka sanin wurin ba.