Maharbi da Burtun da Ya So Shi

Wata ƙawata ce ta ba mu labarin wani maharbi a ƙauyensu. Shekara biyu yana zuwa zance wurin wata yarinya, Hansatu, ko goro bai taɓa miƙa mata ba, sai alkawari. Da kaka ta yi, aka cire gyaɗa, zabin daji suka sauko kiwo gonakin bakin fadama, sai ya rantse mata cewa kafin Juma'a zai kawo mata zabo mai ƙiba. Ita kuma ta ce idan Juma'a ta wuce babu zabo, kada ya ƙara taka ƙofar gidansu. Gogan naka ya ɗaura kan burtu a goshi, irin wanda maharba ke sawa don tsuntsaye su ɗauka ɗan'uwansu ne, ya shiga rarrafe tsakanin kunyoyin gona. Ashe akwai wani burtu na gaske a fadamar, gwauro, ya daɗe ba shi da mata. Yana ganin maharbi ya ce ya samu.

Ranar Juma'a da la'asar sai ga maharbi hannu wofi, gwiwoyi duk sun sale.

Hansatu ta ce, "Malam, ina zabona?"

Ya ce, "Hansatu, ki bari kawai. Na bi gonakin gyaɗa, na koma na dawa, na gangara har bakin rafi, duk inda na sa gwiwa wani burtu yana gefena. Da na saita bindiga sai ya buɗe fukafukai ya hau yi min rawa, zabi su watse. Jiya da rana ta yi zafi har inuwa ya yi min."

Ta ce, "Ba ka kore shi ba?"

"Na kore shi! Ya ɗauka jan aji nake yi. Ya tafi ya dawo min da ƙadangare a baki, ya ajiye a gabana ya koma gefe yana sunkuyar da kai. Kwana shida ke nan, kullum sai ya kawo. Shekaranjiya kwaɗo ne, yau kuma har da ɗan maciji. Ke ki faɗa min, yaya zan yi da shi?"

Hansatu ta hau wasa da bakin gyalenta. Can ta ɗago ta ce, "Gobe kai ka huta a gida. Shi ka yi masa kwatancen gidanmu."