Tunau da Raket ɗin Kawu Sambo

A Rafin Kanya akwai wani gida mai mutum uku: Tabawa mai ƙosai, da ɗanta Tunau, da yayanta Sambo. Tunau ya yi gemu, amma har yau abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Shi kuwa Kawu Sambo a masaƙa ya yi aiki a birni har aka rufe ta, ya dawo gida da ciwon gwiwa da raket biyu na wasan tanis. A bayan tsohon gidan auduga akwai filin tanis na siminti wanda tsofaffin ma'aikatan gidan suka bari. Kawu ne ya share shi, ya ɗinke ragar, kullum da la'asar yana can yana buga ƙwallo a bango.

Sai matan gari suka sa wa simintin ido, don babu wurin shanyar barkono kamarsa. Shugabarsu, Iya Lantana, ta kai magana gaban Maigari. Maigari ya ce, "Sambo, mutum ɗaya da bango ba wasa ba ne. Kafin a gama ɗibar barkono ka nuna mini 'yan wasa, in ba haka ba fili na mata ne." Kawu ya zaga gari kaf, ba wanda ya yarda sai Tunau, shi ma don an ce masa ya yarda ne.

Wata rana Kawu ya fara koya masa riƙo. Ya miƙa masa ƙotar raket ya ce, "Kada ka shaƙe shi kamar fartanya. Riƙe shi kamar kana gaisawa da mutum." Tunau ya tambayi shekarun raket ɗin, aka ce ya girme shi. Nan take ya cire takalmi, ya durƙusa, ya kama ƙotar da hannu biyu. "Ina wuni? Ina gajiya? Yaya iyali?" Da ya gama sai ya saki ya kai hannu ƙirji, kamar yadda duk mai tarbiyya yake yi. Raket ya sauka a kan babban yatsan ƙafar Kawu. Kawu ya dafe yatsan ya ce, "Tashi, ɗan nan. Ya amsa."

Wata rana zaren raket ɗaya ya yi sako-sako, ƙwallo na nutsewa a ciki tana tashi inda ta ga dama. Gwiwa ta hana Kawu fita, ya ce, "Kai shi wurin wanda ya san ɗaurin zare. A ja shi sosai, har in ka ƙyasta shi da yatsa ka ji yana ƙara mai daɗi." Tunau ya wuce kai tsaye gidan mai haɗa garaya. Da yamma Kawu yana kishingiɗe ya jiyo kiɗa na tahowa, yara na biye da shewa. Ga Tunau, ga raket an rufe masa fuska da fatar akuya, tsirkiya biyu rak a kai.

"Ina sauran zaren?"

"Ya ce su ne ke ɓata sautin, Kawu. Ji fa!" Tirin-tirin.

Kawu ya ɓare fatar akuyar. Ya aika aka sayo zaren kamun kifi, ya zauna yana saƙawa rami bayan rami, yana ja da haƙori.

Wata rana aka zo kan bugu. "Abu ɗaya nake roƙonka," in ji Kawu. "Kada ka ɗauke idonka daga ƙwallo. Duk inda ta je, idonka na kanta." Ya bugo. Tunau ya zuba mata ido har ta wuce ta gefen kunnensa, ta tsallake katanga, ta faɗa cikin mangalar wani jaki da ke hanyar kasuwar maƙwabta. Tunau ya haura katangar. Kawu ya jira har inuwa ta cinye fili, ya naɗe raga ya tafi gida. Sai bayan magariba Tunau ya shigo, ƙafafu fari fat.

"Ina ƙwallon?"

"Tana kasuwar Tudun Marke. Lafiyarta ƙalau."

"Me ya hana ka ɗauko ta?"

"Kallo ka ce, Kawu. Da mai jakin bai ɗaure bakin mangalar ba, da har yanzu ina can."

Tabawa na juya ƙosai ta ce, "Yaya, ka bar wa matan nan simintinsu ka huta mana." Kawu ya ce zai yi tunani, ya juya fuskarsa ga bango.

Wata rana ya ga magana ce ke jawo masa wahala, sai ya ce, "Yau ba bayani. Dube ni kawai, abin da na yi ka yi." Ya juya gefe, ya sa ƙafar hagu gaba, ya ja raket baya, ya ɗauko shi daga ƙasa zuwa sama har ya ƙare a kan kafaɗa. Tunau ya yi, kuma wallahi ko a birni Kawu bai taɓa ganin bugu mai kyan wannan ba. Kafin ya buɗe baki ya yaba, sai Tunau ya dafe ƙugu ya ce, "Wash, Allah na!" Ya ɗingisa zuwa inuwa, ya zauna da nishi, ya murza gwiwa, ya girgiza kai ya ce, "Da a ce lokacinmu ne." Muryar ma ta Kawu ce sak, har da 'yar rawar da take yi. Kawu ya tsaya da ƙwallo a hannu. "Haka nake?" Tunau ya dafe ƙirji ya ce, "Haka nake?"

Wata rana aka aiko cewa Maigari zai zo bayan la'asar ya gani da idonsa. Kawu ya zauna a gindin raga, ko ƙarfin faɗa ba shi da shi. "Tunau, shiga gari. Duk wanda ka gani yana da ƙarfin damtse, yana iya ɗaga hannu sama ya sauke da nauyi, kawo mini shi. Ko wane ne." Samari yake nufi. Tunau ya tsaya a majalisar samari ya duba da kyau, ya ga babban yatsa kaɗai ke motsi a kan waya, ya wuce. A bakin masussuka ya sami abin da aka kwatanta masa.

Kawu ya ɗaga kai ya ga Iya Lantana ta shigo, mata na biye da ita, kowacce da buhun barkono a ka.

"Malam Sambo, an ce kana kira. Ka sallama ke nan?" Ta sauke buhu ta ɗauki raket. "A kan wannan rariyar kake hana mu shanya? Jefo abar in gani."

Kawu ya jefo don a rabu lafiya. Hannun da ya shekara arba'in yana daka ya sauka a kan ƙwallo, ta tsallake raga ƙasa-ƙasa kamar an harbo ta. Jikin Kawu ya riga tunaninsa, ya mayar. Ta sake dawowa. Rabon da ƙwallo ta dawo masa daga hannun mutum tun yana masaƙa.

"Kai, tsoho, ashe kana motsi!" in ji Iya Lantana, ta ƙara ɗaure zani. "Ke Dije, matsa, saura ke."

Haka Maigari ya tarar da su, mata sun yi layi suna gardamar wa ke bin wa. Ya ce to yanzu wa ke ƙarar wa? Iya Lantana tana haki ta ce, "Ranka ya daɗe, barkono ai da rana yake bushewa. Mu shanya da safe, mu kwashe da la'asar, a ɗaura raga."

Fili dai bai tafi ba. In ka bi ta bayan gidan auduga da yamma za ka ji bugu da shewa, ka kuma ji wani yana atishawa ba ƙaƙƙautawa. Kawu Sambo ne a gindin katanga, ido jawur saboda ƙurar barkono, yana jiran a zo kansa a ba shi aron raket ɗinsa.