Yadda Za Ka Shimfiɗa Tayil a Bayi Kafin Gwaggo Ta Zo Dubawa

Kai mai sayar da yadi, matarka Murja ta gama wankan jego a gidansu, amma gwaggonta Delu ta rantse ba za ta dawo maka ba sai ka gyara bayin nan naka mai gansakuka. Kwantar da hankalinka. Ni Hashim na Ƙofar Marke na ba ka tabbacin cewa in ka bi matakan nan, Murja da jaririnta za su dawo.

1. Kori mai sa tayil

Mutumin da ya shekara yana shimfiɗa shadda a gaban Alhazai, wa zai koya masa shimfiɗa? In ya ce maka sai an karkata daɓen don ruwa ya gangara, yi masa murmushi ka raka shi ƙofa. Ka taɓa ganin ɗinki mai kyau a karkace?

2. Zaɓi mai sheƙi

Za su nuna maka mai kaushi, wai ba ya santsi. Ƙi. Ɗauki wanda kake ganin haƙoranka a ciki, mai zanen furanni. Santsi matsalar mai gaggawa ce.

3. Kwaɓa siminti

Sayo buhun siminti ɗan Kalambaina, ka kwaɓa shi duka lokaci guda da tsakar rana. Ranar Sakkwato za ta busar da rabi kafin ka miƙe. Kada ka damu, ka samu kujerar tsakar gida.

4. Yanka

Almakashin shago ba zai ci ba, na gwada. Sa guduma. Duk abin da ya farfashe, kira shi ado.

5. Rufe rariya

Nan gwaninta take. Za ka tarar da wani rami a lungu yana ɓata maka zane. Kai da ko ƙyalle mai huda ba ka bari a kan kanta, za ka bar huda a gidanka? Ɗora masa fure mafi kyau, ka liƙe.

6. Tarbi Gwaggo

Durƙusa ka gaishe ta. Za ta tuɓe takalma a bakin ƙofa, ta sheƙa bokitin ruwa a ƙasa, ta tsaya kallo. Ta ƙara wani. Ruwa zai kwanta lamo har idon sawunta.

"Ɗan nan, ina ruwa ka hita?"

"Gwaggo, ai na zamani ne. Ba shi hita."

Ka san yanzu a kan dawowar Murja ake yanke hukunci. Zafi zai yi maka aiki. Za ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta zauna, ta miƙe ƙafafunta masu kumburi cikin ruwan, ta lumshe ido.

"Kai, wanga sanyi! Tahi ka ɗauko ɗiyata."

Kafin ka gama hamdala za ta ƙara: "Ka biyo da akwatina. Nan ni ka zama har zahi shi wuce."

Gargaɗi

Na yi alkawarin Murja za ta dawo, ga ta ta dawo. Ban ce ita kaɗai ba. Batun wanka a masallacin unguwa, da kwana a zaure, da sauron da ya tare a bayi, babu hannuna. Mai son sanin ranar da zafi ke wucewa a Sakkwato kuwa, ya tambayi wani. Ni tawa gwaggon tun bara take ciki.