Nomau da Gawayin Araha

Ku gyara zama, yau bakin kogi za mu. A Tungar Marke, ƙauyen da ko rigar limaminsa ƙamshin kifi take yi, akwai wani gida mai mutum biyu: Hajo da ƙanenta Nomau. Mijin Hajo ya daɗe da rasuwa. Bandar kifi take yi a bayan gida, a kan gangunan ƙarfe biyu da ragar waya da ta gada wurin uwarsu. A wurin uwar tasu kuma ta gaji Nomau. Ƙato ne, ya haura talatin, buhu biyu yake ɗauka a ka yana tafe yana waƙa. Ba ya ƙarya, ba ya sata, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishi gari guda: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce masa ya tsaya nan, to, gara ka tuna ka dawo.

A shekarar da nake ba ku labari itace ya yi wuya, don an hana saran daji. Hajo ta koma hura wuta da kara da ɗanyen reshe, kifinta ya riƙa fitowa baƙi ƙirin, yana ɗaci. Masu saye suka zame ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura Hajiya Dudu, wadda take zuwa daga birni da jirgin ruwa mai inji. Ita ma ta gutsuri kifi ta tofar, ta ce, "Hajo, don darajar mahaifiyarki nake zuwa. Nan da wata guda zan dawo ɗaukar kwando goma. In na same shi haka, mun rabu ke nan." Hajo ta san in Hajiya ta tafi, tukunyar gidan nan ta sauka daga murhu.

Sai ga labari daga kasuwar ƙetare. Matan da ke casar shinkafa sun koyi ƙona ɓuntu, su kwaɓa shi da ƙullun rogo, su cura shi dunƙule-dunƙule, ya zama gawayi mai ci a hankali ba baƙin hayaƙi. Rufin ɗakin ajiyarsu yana yoyo, ga damina ta kankama, don haka suka karya farashi rabi da rabi. Hajo ba ta iya barin bakin ruwa da safe, lokacin da masunta ke saukowa. Wa za ta aika? Allah sarki, Nomau.

Wata rana ta ɗaure masa kuɗi a bakin riga, ta ce, "Buhu ɗaya za ka sayo. Abin araha ne, ban yarda da shi ba tukuna. Kada ka kawo mini gawayin da ba ka ga cinsa da idonka ba." Ya ce, "To, Yaya." Ya haye kogi, ya saya wurin shugabar matan, wata dattijuwa da ake kira Goggo Ige. Sai ya ja buhunsa gefen kasuwa, ya roƙi garwashi wurin mai ƙosai, ya zazzage gawayin gaba ɗaya, ya hura. Goggo Ige ta taso tana salati.

"Kai ɗan nan, me kake yi haka?"

"Ina ganin cinsa, Goggo."

"Ai guda ɗaya ake gwadawa!"

"In na gwada ɗaya, sauran ban ga nasu cin ba."

Ya tsuguna yana juya su da tsinke, ba wanda ya tsallake. Sai da wuta ta mutu, toka ta huce, ya kwashe ta cikin buhu ya kamo hanya. Hajo ta kwance bakin buhu, iska ta ɗebi toka ta watsa mata a fuska. Ta tsaya fari fat, baki buɗe. Nomau ya ce, "Albishirinki, Yaya. Kowanne ya ci, ko ɗaya bai ƙi ba." Ranar Hajo ba ta iya ko zaginsa ba, zama ta yi a kan turmi tana maimaita innalillahi.

Wata rana, bayan zuciyarta ta ɗan sauka, ta sake aikensa, don ko ba komai ta san yanzu gawayin yana ci. Ta kama kunnensa ta ce, "Ba wuta. Ka ji? Ko ashana ka gani, ka kauce. Kuma dubi yadda ka shigo mini ran nan buɗu-buɗu. Abin da zai kusanci kifin Hajiya ban yarda ya shigo gidan nan da datti ba." Ya ce, "To, Yaya." Ya sayo, ya hayo, ya sauka a mashaya. Nan ya sa hannu a buhu don ya duba, hannu ya fito baƙi. Nomau ya girgiza kai. Wannan datti har ina! Ya shiga ruwa iya gwiwa da buhunsa, ya soma wankewa ɗaya-ɗaya. To, gawayin itace in ya jiƙe ana shanya shi ya dawo. Wannan kuwa ƙullun rogo ne ya riƙe shi, da ya sha ruwa sai ya narke a hannu. Nomau yana cuɗawa, abu yana ƙarewa, baƙin bai fita ba. Ya zuba sauran gaba ɗaya, ya hau tattakawa da ƙafa.

Ƙasa kaɗan da shi mata ne ke wanki, har da fararen kayan angon da za a ɗaura wa aure jibi. Sai suka ga kogi ya taho musu baƙi wuluk. Wayyo, ihun da aka yi ranar har kasuwar ƙetare an ji shi. Suka rako Nomau gida da farar babbar riga da ta koma kalar bayan tukunya. Shi kuwa ya miƙa wa Hajo buhu wankakke tas, ba komai ciki sai ruwa yana ɗiga.

"Ina gawayin?"

"Yaya, ashe duk datti ne. Na wanke, ban samu gawayi a ciki ba. Sun cuce mu."

Hajo ta ɗora hannu biyu a ka. Kwana biyu ta yi tana bin gidan ango da ban haƙuri da sabulu.

Wata rana, ranar Juma'a, aka ce yau ce ranar ƙarshe ta araha, ga zuwan Hajiya saura kwana huɗu. Hajo ta ja akuyarta guda ɗaya tilo ta sayar, tana jan igiya tana share hawaye. Ta tsayar da Nomau a gabanta ta ce, "Buhu shida. Ba wuta, ba wanki. Baƙin nan nasa ne, haka Allah ya yi shi. Ko ɗigo ɗaya na ruwa kada ya taɓa shi. Nomau, wannan ne na ƙarshe, ba ni da wata akuyar." Ya ga idonta ya yi ja, shi ma nasa ya ciko. Da ya haye ya faɗa wa Goggo Ige, ta tausaya, ta ba shi tsohuwar leda, amma buhu biyar kawai ta rufe. Yana sauke kaya a kan amalanke a bakin Tunga, sai yayyafi. Nomau ya dubi buhu na shida, ya dubi sama. Ya tuɓe riga ya rufa. Gefe ya rage, ya tuɓe wando ya ƙara. Ya cire hula ya toshe bakin buhun. Haka ya turo amalanke ta tsakiyar gari daga shi sai ɗan kamfai, daidai lokacin da ake fitowa daga masallaci. Liman ya ja baya har carbinsa ya faɗi.

"Subhanallahi! Nomau, lafiya?"

"Lafiya lau, Allah gafarta Malam. Ku ɗan matsa, rigunanku da lema."

Hajo ta leƙo ta gan shi, ta ja mayafi ta rufe fuska don kunya. Amma da ta taɓa gawayin, wallahi a bushe yake ƙayau, buhu shida cif.

Wata rana, wato washegari, Hajo za ta bakin ruwa karɓo tarwaɗar kwando goma. Ta dubi hadari ta ce, "Nomau, kwashe gawayin nan ka ajiye shi inda ruwa bai taɓa zuwa ba. Kuma ya zauna kusa da gangunan, ba na son in yi ta jigila." Ita a ranta rumfar bayan gida take nufi. Nomau ya tsaya yana tunani. Shi bai san inda ruwa bai taɓa zuwa ba, amma a Tunga kowa ya san wanda ake tambaya zancen ruwa. Ya tafi wurin Baba Gagare, tsohon masuncin da ya fi kowa shekaru, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ina ne ruwa bai taɓa zuwa ba?"

"A garin nan? Babu. Ina yaro ya shiga har masallaci. Zamanin kakana a kan rufin ɗaki aka yi kwanaki. Sai dai kogon da ke kan Dutsen Shamuwa, can kam ko kakan nawa bai ji an ce ya kai ba."

Dutsen nan tafiyar rabin awa ce, hawa kuma mai sa ƙirji zafi. Nomau ya yi sawu uku da gawayi. Da ya tuna an ce ya zauna kusa da ganguna, ya dawo ya ɗauki gangunan, ya koma ya kwaso ragar waya da kwanduna.

Da azahar Hajo ta dawo da kifi baho-baho, an fafe, an lanƙwasa, wuta kawai yake jira. Ta zagaya bayan gida, wayam. Ta kurma ihu, "Ɓarayi! Jama'a, an kashe ni!" Maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta nuna mata dutse. Hajo ta hau tana haki, ta iske Nomau zaune a bakin kogo, kaya jere a bayansa, yana murmushi yana jiran yabo. Duk abin da ta haɗiye wata guda ya taso mata.

"Ka kashe ni, Nomau! Kifi ba ya jiran kowa, kafin ka sauko da kayan nan ya ruɓe. Me na yi wa Inna da ta bar mini kai? Zauna nan da gawayinka. Kada ka sauko sai na kira ka!"

Murmushin ya ɓace. Ya ce, "To, Yaya," a hankali.

Ta gangara da niyyar aron ganga da itace wurin maƙwabta. Ba ta gama zagaya gida uku ba ta ji ana ihu daga bakin kogi. An yi ruwa mai yawa can sama, kogi ya cika ya tumbatsa, ya taho ba sallama. Kafin la'asar ya shiga lunguna, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Itacen da kowa ya tara ya tashi yana yawo a kan ruwa. Rumfar bayan gidan Hajo, wadda ta so a ajiye gawayi a ciki, ta kwanta a kan idonta. Gari ya watse sai Dutsen Shamuwa, masu awaki a kafaɗa, masu tsofaffi a baya. Hajo ta ɗauki baho ɗaya a ka, mata suka taya ta da sauran.

Da suka iso, ga Nomau inda ta bar shi. Ga buhu shida a bushe, ga ganguna a kafe, ga raga a kai. Hajo ta sauke baho, ta dubi kogo, ta juya ta dubi garin da ya zama tafki. Baba Gagare, da aka hawo da shi a goye, ya ce, "Shekara tamanin ina faɗa wa mutane inda ruwa ke kaiwa. Yau aka samu wanda ya ji."

Nan aka hura wuta. Gawayi ya kama a hankali, ba baƙin hayaƙi, kifi ya soma tsattsafo da mai yana yin ja. Daga garwashin nan kowane gida ya ɗebi na dafa wa yara kunu, don duk dutsen ba wani abin hurawa busasshe. Ranar da Hajiya Dudu ta ce za ta dawo, jirginta ya zo har gindin dutse, bayan ta bi tunga huɗu ba ta samu ko kan kifi ba. Ta gutsura, ta tauna. Ta ce, "Hajo, wannan hannun mahaifiyarki ne. A loda mini duka, kuma duk wata ki ajiye mini kamarsa."

Kwana shida ruwa ya janye. Hajo ta riga kowa sauka don ta kwashe laka, mazan gari suka ɗauko mata ganguna don godiya. Ta share ɗaki, ta dafa tuwo, ta zuba na Nomau a babban akushi, ta ɗora masa tarwaɗa biyu da ta ɓoye. Azahar ta yi, bai shigo ba. Ta leƙa waje, ta tambayi masu ganguna, suka ce ai shi ya aza musu kaya a ka, sannan ya koma ya zauna. Sai maganarta ta dawo mata, kalma bayan kalma. Kunya da tausayi suka rufe ta.

Ta ɗauki akushin ta hau dutsen nan karo na uku. Ga shi can shi kaɗai a bakin kogo, ya haɗa gwiwa, yana kallon hayaƙin gidansu.

"Nomau, kowa ya tafi, me kake yi a nan?"

"Ba ki kira ni ba, Yaya."

Hajo ta ajiye akushi. Ta goge ido da bakin zane, ta ja baya taki uku don abin ya zama kira sosai, yadda ba zai yi shakka ba. Ta ɗaga murya har dutse ya amsa.

"Nomau! Ɗan'uwana! Taho mu tafi gida."

Ya miƙe ya karkaɗe wando, ya ce, "To, Yaya."