Clarrie Ya Rasu Yana Riƙe da Ƙofa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Glenys Tregear ta garin Narrogin tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da manoman alkama tun daga nan har bakin teku, da direbobin tirelar hatsi da suka shekara talatin suna kauce masa a hanya, rasuwar kekenta, Clarrie. Ya rasu ranar Alhamis, huɗu ga Disamba, da misalin ƙarfe biyu na rana, a gonar Des Harbutt da ke tsakanin Lake King da Ravensthorpe. Ya bar duniya yana da shekara talatin da uku, kuma a bakin aiki ajali ya same shi.

A saurara da kyau, domin an fara yaɗa wata magana daban. Glenys ba ta faɗi ba. Jiri bai ɗebe ta ba, ƙafa ba ta gaza mata ba, shekarunta saba'in da biyu ba su da hannu a wannan rashi. Duk mai cewa haka, ko da ɗan cikinta ne, ya zo ya maimaita a gabanta.

Marigayi baƙi ne, mai nauyi, zallan ƙarfe, irin wanda 'yan keken zamani kan ɗaga da hannu biyu su yi dariya. Sun yi dariyar sun gaji, nasu sun karye, shi yana nan. Tun shekarar da Glenys ta bar aikin awon hatsi a rumbu, duk girbi sai ta ɗaura masa tanti da bargo da gwangwanin shayi da lita takwas ta ruwa, su kama hanyar Esperance, can bakin teku. Mako uku suke yi. Ba su gaggawa, don ba teku suke zuwa gani ba. Alkama suke zuwa gani lokacin da ake yanke ta, da ƙurar injin girbi, da mutanen da ba su da lokacin gaisuwa sai ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari.

Mutum ne mai haƙuri, in dai za a kira keke mutum, kuma a wannan gida ana kira. Ƙayar gona ta huda masa taya sau ba adadi, bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Ya kwana a gindin shinge, ya kwana bayan zauren taro, ya kwana a bakin tafkin dabbobi sauro na cin uwar ɗakinsa. Ba ya da yawan magana. In ya ga tudu sai ya ce ƙiiƙi, ƙiiƙi, a feda ta hagu kawai. In ya ga gangara sai ya ce tsrrrr, har ƙasa. In kangaru ya tsaya masa a hanya yana kallonsa kamar ba a haifi keke ba, sai ya ce kilin-kilin, sau biyu, ba ya ƙarawa. Aibinsa ɗaya ne, birkin baya, wanda bai taɓa kamawa a lokacin da aka roƙe shi ba. An yafe masa.

Akwai wata magana da ya zama dole a faɗa a nan, tunda ita ce ta hana gidan zaman makoki cikin natsuwa. Bara, bayan likita ya ga wani abu da bai yi masa ba a bugun zuciyar Glenys, ɗanta Warwick ya taso daga Perth da takardun wani gida na tsofaffi, mai lambu da kujerun hutawa.

"Haba Mama," in ji shi. "Ke kaɗai a daji, ba waya, ba kowa, rana kamar wuta. So kike wata rana a kira ni a ce an tsince ki a gefen titi?"

"In an tsince ni, ai ka huta da biɗa."

"Ba wasa nake ba."

Ta ga idonsa ya kawo ruwa, ita kuwa ba ta iya jure wannan. Sai ta dafa sirdin Clarrie ta ce, "To shi ke nan, ɗan nan. Ranar da wannan ya mutu, na daina. Ka kai ni lambun naka." Ta faɗa ne da zuciya ɗaya, domin ta tabbata ƙarfen nan sai ya binne ta ya binne Warwick. Warwick kuwa ya riƙe maganar gam, ɗan uwarsa ne.

Ga yadda ciwon ajali ya zo. Bai yi jinya ba. Ranar Alhamis ɗin an wayi gari da iskar arewa mai zafi, hukuma ta hana girbi don gudun gobara, aka kashe kowane inji, aka hana mota shiga gona. Glenys ta san irin wannan rana, don haka ta sauke kaya a bakin tafkin Des, inda take sauka duk shekara, ta zauna a inuwa tana korar ƙuda. Da rana ta take, aka yi tsawa ba ruwa. Hayaƙi ya tashi can gonar maƙwabci, Des ya ja akori-kurarsa mai tankin ruwa ya tafi, kamar yadda duk mai tanki a yankin ya tafi. Bayan ya tafi ne iska ta juya.

Tsakanin wutar da tafki akwai wata gona da aka riga aka girbe, tumakin Des ɗari shida suna ciki suna kiwon karan alkama. Ƙofarta ɗaya, a rufe. Wayar Glenys ba ta kamawa a wurin, ba ta taɓa kamawa ba. Ta hau Clarrie ba kaya, ta tuƙa shi cikin ƙaya da duwatsu yadda ba ta taɓa tuƙa shi ba, yana ta ƙiiƙi, ƙiiƙi, har bakin ƙofar.

Kowa a ƙasar nan ya san doka: ƙofar gona, yadda ka same ta haka za ka bar ta. Ka same ta a rufe, ka rufe. Ka same ta a buɗe, kada ka taɓa, mai gona ya san abin da yake yi. Shekara talatin da uku Glenys na shiga gonakin mutane, ba ta taɓa saɓa wannan ba ko sau ɗaya, kuma da shi ne manoma suka yarda ta kafa tanti a ƙasarsu. Ran nan ta kwance sarƙar ta wangale ƙofar. Iska ta maido ta, garam. Ta sake turawa, iska ta sake maidowa. Sarƙar ba ta kaiwa sai in rufewa za a yi. Ba dutsen kirki, ba gungume, tumaki kuwa ba sa fita don an buɗe musu, sai an zagaya bayansu an kora. Ta dubi Clarrie. Ta san abin da ta ce wa Warwick, ba mantawa ta yi ba. Ta tura ƙofar iyakarta, ta cusa shi a tsaye tsakanin ƙofar da turke, ta ce masa, "Riƙe nan, tsoho."

Ya riƙe. Ta zagaya a ƙasa, tana ihu tana kaɗa hula, hayaƙi na shaƙe ta, har garken ya motsa. Tumaki ɗari shida a firgice suka bi ta ƙofa mai faɗin mota ɗaya. Sun bangaje shi, sun tattake wilin gaba, sun lanƙwasa masa ƙashin baya, bai saki ba. Abin da ta ji na ƙarshe daga bakinsa, cikin kukan tumaki, shi ne kilin, sau ɗaya. Ta fito a bayan tunkiyar ƙarshe zuwa fili mai huɗa, inda wuta ba ta da abin ci, a nan Des ya iso ya jefa ta mota. Wutar ta kai ƙofar bayan minti biyar.

Da aka kashe wutar, Des ya tsaya a kan Clarrie ya cire hula. "Glenys," in ji shi, "kin bar mini ƙofa a buɗe."

"Na bari. Kai ni ƙara."

Ya juya baya yana share ido da hular, yana cewa hayaƙi ne. An kai marigayi wurin mai walda a Ravensthorpe, ya duba, ya girgiza kai.

Ya rasu ya bar uwar ɗakinsa, Glenys, wadda ke kuka kullum da safe kuma ba ta jin kunyar a sani. Ya bar tanti ɗaya, famfo ɗaya, gwangwanin faci, da ƙararrawarsa, wadda ta yi baƙi amma muryarta na nan. Ya bar tumaki ɗari shida, waɗanda har yau ko ɗaya ba ta zo gaisuwa ba. Sirdinsa da tayoyinsa sun riga shi tafiya da 'yan daƙiƙu.

Warwick ya iso gonar ranar Asabar, ya rungume uwarsa har sai da ta ce zai karya ta. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Sannan ya ce, a hankali, "Mama, kin tuna abin da kika ce."

"Na tuna. Ni na faɗa, da bakina."

"To?"

"To na fasa."

"Mama, alkawari fa kika yi!"

"Na yi. Ƙofar ma ai akwai doka a kanta, kuma na fi ka girmama ta. Na ga rayayyu a kulle, wuta na zuwa, na buɗe. Ka leƙa waje ka ƙirga su." Ta kama hannunsa. "Na san tsoro kake ji, ni ma ina ji. Amma ba zan ba da Clarrie don tumaki su fita ba, sannan in bi ka ka rufe ni a lambu. Ka yi fushi, kana da gaskiya. Ka yi fushin a nan, inda zan gan ka."

Ya yi fushin kuwa, yini guda. Yana nan bai koma Perth ba.

Za a kai marigayi makwancinsa ranar Litinin da ƙarfe shida na safe, a bakin hanyar shiga gonar Des Harbutt, inda za a kafa shi a kan turke, a ɗaura masa akwatin wasiƙu, ya ci gaba da kallon tirela na wucewa. Des ne zai haƙa rami. An nemi Warwick ya ɗauki gaba, bai ce e ba tukuna, amma an gan shi yana neman safar hannu. Kowa ya zo da farantin abincinsa, akwai shayi. Ba a buƙatar furanni. Ba a buƙatar nasiha. Wanda ya zo da mota don ya mayar da Glenys gida, ya sha shayinsa ya koma da kujerarsa yadda ya zo da ita.

Ana roƙon jama'a su zo a kan lokaci, domin da ƙarfe bakwai mai makoki za ta tashi. Saura kilomita ɗari biyu da ashirin zuwa Esperance, kuma girbi ba ya jira. Des ya fito da keken da likita ya sa shi saya don ya rage tumbi, wanda ya hau sau biyu ya jingine. An kore gizo-gizo, an ba shi iska, an ɗaura masa baƙar ƙararrawar marigayi. Ba shi da suna tukuna, sai ya yi aikin da zai sa a raɗa masa.

Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Masu zuwa su bar ƙofar gona yadda suka same ta. A buɗe za su same ta.