Ɗan Kunnen Hadiza da Na'urar Ofishinmu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Unguwar Shanu ba, lokacin ina sabon ma'aikaci a ofishin binciken ma'adinai. An kawo mana na'urar gano ƙarfen da ke binne, mai dogon hannu da faifai a ƙasa. Tana da maɓallin da ake murɗawa don ta yi banza da tarkace, ta yi ƙara kawai in ta ji abu mai daraja. Rabin bayanin da aka yi mana a kanta na saurara (sauran rabin ina tunanin yadda zan burge 'yan unguwa).

A makon ne ɗan kunnen zinariya ya faɗi wa Goggo Ladi, ƙanwar babana, a tsakar gidan hayarsu, ga damina ta mai da wurin taɓo. Na 'yarta Hadiza ne, wadda ta rasu wajen haihuwa, kuma cikin kayanta 'yan kunnen nan biyu kaɗai Goggo ta riƙe.

Na ɗauko na'ura, matan gida suka kewaye ni. Ƙarar farko na tono marfin kwalba, ta biyu tsohon cokali. Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Haushi ya sa na murɗe maɓallin har ƙarshe, na'ura ta yi tsit. Na zagaye gidan kaf, na gyara tsayuwa na ce, "Goggo, ba ya ƙasar nan. Sai dai in ɗauka aka yi."

Matan suka kalli juna, dariya ta ɗauke.

Goggo ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗayan. "Ɗan nan, ga ɗan'uwansa. Ba ta ta sansana, ko za ta gane."

Ta ajiye shi a ƙasa. Na ɗora faifai a kai. Shiru. Na sake, har ina goga shi. Shiru. Ashe a kunnen na'urar, ƙaramar zinariya ba ta da bambanci da takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari. Da na kori tarkace, har da ita na kora.

Na mayar da maɓallin baya, na yi ta tonon ƙusoshi har la'asar, ban iya ɗaga ido ba. Ba mu same shi ba. Goggo ta bi matan ɗaki-ɗaki tana ba su haƙuri a madadina, sannan ta kawo mini ruwa.

"Bar shi haka," ta ce. "Mai shi ma ƙasar ce ta riƙe ta."

Tun daga ranar, in na'ura ta yi shiru ni ma shiru nake yi, sai na tabbatar ba ni na toshe mata kunne ba.