Haƙorana a Ƙashin Alfaka

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na cinye aikin bincikena ba. Har yau in na tuna sai na ja tsaki.

Lokacin ina karatu a Manchester, ina auna ƙasusuwan dangin raƙumi da aka tono a Peru, don a gano sa'ad da mutanen dauri suka bar farautarsu suka koma kiwonsu. Ƙashin yatsa ake aunawa, na daji daban, na gida daban. Da ƙyar malamata ta samo mini ƙafar alfaka ɗaya tak (ƙaramin raƙumi ne mara tozo) daga wata gona, don in kwatanta. Ɗakin da ake tafasa ƙashi a cire nama kuwa an garƙame shi, wai gwamnati na tsuke bakin aljihu. Sai na kawo ƙafar gida Whalley Range, na ɗora a tukunya, na fita ban gaya wa kowa ba. Wauta!

Ashe Gwaggo Asabe, gwaggon matata, ta iso daga Birmingham. Ta leƙa tukunya ta ce wa matata, "Haba 'yar nan, ba gishiri ba albasa? Haka kike ciyar da mijinki?" Ta zuba citta, attaruhu da daddawa.

Na dawo da yunwa, aka dire mini farfesu. Na ɗauka tsaraba ce daga Lozells, unguwarsu a Birmingham. Kun san mu da ƙashi, ba ma yafe masa. Na tsotse ɓargo, na gwigwiye guringuntsi tas.

"Gwaggo, ina kika samo ragon nan?"

"Wane rago? Ƙafar da na tarar a tukunya ce."

Innalillahi! (Tsufa ne ya kashe dabbar, ba yanka ba. Mushe na ci, har da ƙari.)

Washegari na kai wa malamata abin da ya rage, ina fatan zai aunu. Ta duba da madubin ƙara girma ta ce bakin ƙashin duk ya tafi, ba abin aunawa. Sai kuma ta kira ɗalibai da murna: "Ku zo ku ga tabon haƙoran dabba mai cin nama! Kare ne ko dila? Ko mene ne, yunwa ta ci shi."

Na ɗaga hannu a hankali na ce, "Ni ne."

Na shekara ina jiran wata ƙafar. Waccan kuwa da ita ake koyar da sababbin ɗalibai. Tun daga ranar, kafin in ce bismillah sai na tambayi sunan dabbar.